Yadda Dimoks Ke Rarraba Saƙo a Da'irar Dijital: Haɗawa, Gwaji da Gano Matsala

Kana da na'urori takwas da kake so maikurokontirola ya riƙa yi wa magana ɗaya bayan ɗaya, amma ƙafafu huɗu kacal suka rage masa. Wannan shi ne aikin dimaltifilesa, wanda ake taƙaitawa dimoks, a zanen da'ira kuma za ka ga an rubuta DEMUX. Saƙo yana shiga ta hanya ɗaya, ya fita ta ɗaya daga cikin hanyoyi masu yawa, kuma layukan zaɓi ne ke faɗin wacce. Idan layukan zaɓin biyu ne, hanyoyin fita huɗu ne. Uku suna ba da takwas, huɗu suna ba da goma sha shida. Duk layin da aka ƙara yana ninka adadin sau biyu.

Ana yawan kwatanta shi da wurin canja layin jirgin ƙasa, inda layi ɗaya ke rabewa gida-gida. Kwatancen yana taimaka wa mai fara koyo, amma yana da aibi. A dimoks na dijital babu wata wuta da ke ratsawa daga mashiga zuwa mafita. Ƙofofin lissafi ne ke karanta abin da ya shigo, sai su sake ƙera irinsa a mafitar da aka zaɓa da wutar da aisin (IC, ɗan guntun da ke ɗauke da da'irar) ke ci. Sauran ƙafafun fita kuwa ba a yanke suke ba, ana danne su ne a 0 ko a 1. Yawancin da'irorin da ke ƙin aiki, ba mafitar da aka zaɓa ce ke kawo matsalar ba. Halin waɗanda ba a zaɓa ba ne, ko kuma abin da ke faruwa a ɗan lokacin da adireshi, wato lambar da ke kan layukan zaɓi, ke canjawa.

Abin da ke cikinsa

Mafi ƙanƙanta shi ne mai shiga ɗaya fita biyu. Mu kira saƙon D, layin zaɓi S. Ƙofar AND biyu da ƙofar NOT ɗaya sun isa. Ƙofar farko tana karɓar D da kishiyar S, ta biyu tana karɓar D da S yadda yake. Tun da ƙofar AND ba ta ba da 1 sai dukkan mashiganta sun zama 1, duk lokacin da S yake 0 ƙofa ta biyu a rufe take, ta farko ce ke bin D. S ya koma 1, lamarin ya juya.

Mai fita huɗu yana da layukan zaɓi S1 da S0. Idan muka sa alamar ' tana nufin kishiya, alamar · tana nufin AND, ga lissafinsa:

Y0 = D · S1' · S0'
Y1 = D · S1' · S0
Y2 = D · S1 · S0'
Y3 = D · S1 · S0

Ka karanta S1 da S0 a matsayin lambar bainari, lambar da ta fito ita ce lambar mafitar: 00 sifili, 01 ɗaya, 10 biyu, 11 uku. Lura da wani abu a nan. Idan D ya zama 0, duka huɗun 0 ne, ko wane adireshi aka sa. Saboda haka ba za ka iya gane wacce aka zaɓa ta duban fitilu ba sai D yana 1. Idan kuma ka ɗaure D a 1 dindindin, da'irar ta zama dikoda, wato mai kunna layi ɗaya gwargwadon lambar da aka ba shi. Shi ya sa aisi ɗaya ake sayarwa da sunaye biyu: ƙafar da mai amfani da dikoda ke kira ƙafar izini, ita ce mai amfani da dimoks ke zuba wa saƙo.

Mataki na farko: ƙera mai fita huɗu da ƙofofi

Babu wanda ke yin haka a aikin gaske, tun da aisi ɗaya na yin duka, amma wanda ya taɓa haɗa shi da hannu ba ya sake rikicewa. Za ka buƙaci allon gwaji, wutar bolt 5 mai tsayawa, 74HC04 ɗaya mai ƙofar NOT shida, 74HC11 biyu waɗanda kowanne ke da ƙofar AND uku masu mashiga uku-uku, makunni uku, resista 10k uku, resista 1k huɗu, jan LED huɗu, da kafasita mai nanofarad 100 guda uku.

Fara da wuta. A dukkan aisin ukun, ƙafa ta 14 tana zuwa bolt 5, ta 7 tana zuwa GND, wato layin bolt sifili. Ana ƙirga ƙafafu daga gefen hagu na ɗan yankan da ke kan aisin, a sauka, sannan a hau ta ɗaya gefen. Sa kafasita ɗaya tsakanin 14 da 7 na kowanne, kusa da jikinsa sosai. Kowane makunni, gefe ɗaya a bolt 5, ɗaya gefen shi ne layin saƙon, kuma daga wannan layin resista 10k ta sauka zuwa GND. Ita ce ke riƙe layin a 0 idan ba a danna ba.

Kai S0 ƙafa ta 1 ta 74HC04, kishiyarsa za ta fito a ta 2. Kai S1 ƙafa ta 3, kishiyarsa a ta 4. A 74HC11 na farko, ƙafafu 1, 2 da 13 su karɓi D, S1' da S0', sai Y0 ya fito a 12. Ƙafafu 3, 4 da 5 su karɓi D, S1' da S0, Y1 a 6. Ƙafafu 9, 10 da 11 su karɓi D, S1 da S0', Y2 a 8. A na biyu, 1, 2 da 13 su karɓi D, S1 da S0, Y3 a 12. Daga kowace mafita, resista 1k, sai doguwar ƙafar LED, gajeriyar ta tafi GND. Jan LED yana cin kusan bolt 2, saura bolt 3 a kan 1k, wato miliamfa 3, wanda ya isa a ga haske ba tare da wahalar da aisin ba.

Kada ka bar mashigar da ba ka amfani da ita a sake. A 74HC04 haɗa 5, 9, 11 da 13 da GND, a 74HC11 na biyu haɗa 3, 4, 5, 9, 10 da 11. Mashigar CMOS, wato irin ginin waɗannan aisin na HC, kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, don haka idan aka bar ta haka takan tsaya a tsaka-tsaki, taransistocin cikin ƙofar biyu su buɗe tare, aisin ya yi ta cin wuta a banza, wani lokaci har ya riƙa kaɗawa. Ƙafafun fita da ba a amfani da su kuwa barin su ake yi, ba a haɗa su da komai.

Riƙe D a danne, ka bi adireshi huɗun. Fitila ɗaya tak ya kamata ta kama kowane lokaci. Idan Y1 da Y2 sun yi musayar wuri, ka sauya S0 da S1 ne. Idan biyu suna kamawa tare, wata ƙofa ta sami layin zaɓi maimakon kishiyarsa.

Mataki na biyu: 74HC138

Wannan shi ne wanda za ka fi cin karo da shi. Ya fito daga dangin 7400, waɗanda kamfanin Texas Instruments ya fara fitarwa a shekarun 1960, kuma jerin ƙafafunsa bai canja ba daga nau'in LS zuwa HC. Ƙafa 16 gare shi. Ta 1, 2 da 3 su ne adireshi A0, A1, A2, inda A0 ce mafi ƙanƙantar daraja. Ta 4 da ta 5 ƙafafun izini ne masu aiki da 0, ta 6 ƙafar izini ce mai aiki da 1. Y0 tana ƙafa ta 15, a yi ta sauka har Y6 a ta 9, sai Y7 ta tsallaka ɗaya gefen zuwa ta 7. GND a 8, wuta a 16. Wasu kamfanoni suna kiran ƙafafun izinin E1, E2, E3, wasu G2A, G2B, G1, don haka lambar ƙafa ta fi suna abin dogaro.

Abin da ke rikita mai sabon hannu shi ne, ƙafafun fitarsa da 0 suke aiki. Wadda aka zaɓa ita ce ke sauka 0, sauran bakwai suna zaune a 1. Kuma ba ta sauka sai sharuɗɗa uku sun cika lokaci guda: ƙafa ta 4 tana 0, ta 5 tana 0, ta 6 tana 1. Ɗaya ya kauce, duka takwas sun koma 1.

Daga nan ne zaɓin inda za a zuba saƙo ya taso. Idan ka zuba D a ƙafa ta 4, ka ɗaure ta 5 a GND, ta 6 a bolt 5, to D yana 0 mafitar da aka zaɓa tana 0, D yana 1 ita ma ta koma 1. Saƙon ya fita yadda ya shiga. Idan kuwa ka zuba shi a ƙafa ta 6, ka ɗaure 4 da 5 a GND, zai fita a juye. Ga saƙon da kan zauna a 1 idan ba a magana, irin na layin aikawa na UART, hanyar aika bayanai ɗaya bayan ɗaya a kan waya, ƙafa ta 4 ce daidai, domin na'urori bakwai da ba a zaɓa ba za su ga 1, su ɗauka layin shiru yake. Idan kana son waɗanda ba a zaɓa ba su zauna a 0, sai ka ɗauki 74HC238. Ƙafafunsa iri ɗaya ne da na 138, sai dai wadda aka zaɓa hawa 1 take yi, kuma a wurinsa ƙafa ta 6 ce ke fitar da saƙo ba juyi.

Don gwaji da ido, juya fitilun. Daga bolt 5, resista 1k, doguwar ƙafar LED, gajeriyar ta shiga mafitar aisin. Sa makunnin D a ƙafa ta 6. Ka danna, fitilar da aka zaɓa ta kama. Wanda ya haɗa fitilun kamar na matakin farko zai ga bakwai a kunne ɗaya a kashe, ya zaci aisin ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

In kana so adireshin ya riƙa zagayawa da kansa, haɗa aisin 555, mai samar da bugu, a yanayin kaɗawa da R1 10k, R2 68k da kafasita mai maikurofarad 10. Lissafin 1.44 a raba da (R1 + 2R2) × C yana ba da kusan bugu ɗaya a daƙiƙa. Kai bugun daga ƙafa ta 3 ta 555 zuwa ƙafa ta 1 ta maƙirgi 74HC393, ɗaure ƙafarsa ta 2 a GND, sannan ƙafafunsa 3, 4 da 5 su tafi 1, 2 da 3 na 138. Rabin 393 da ba ka amfani da shi, ɗaure 12 da 13 a GND. Haske zai riƙa tafiya daga Y0 zuwa Y7 ya dawo.

Bugun ƙarya lokacin canja adireshi

A ido da'irar nan ba ta da aibi. Ɗora osiloskof, na'urar da ke zana yadda bolt ke canjawa, a Y0 ka ga wani abu dabam. Maƙirgi 393 ba ya canja ƙafafunsa lokaci guda, kowace tana jiran ta gabanta. Daga 3 zuwa 4, wato daga 011 zuwa 100, ƙafar farko ce ke fara sauka, adireshi ya zama 010. Ta biyu ta sauka, ya zama 000. Sannan ta uku ta hau, ya zama 100. Ke nan a kan hanyar zuwa Y4 an leƙa Y2 da Y0, kowacce na 'yan nanosakan. LED ba zai nuna wannan ba. Amma idan Y0 tana zuwa ƙafar bugun agogo ta wani maƙirgi ko ƙafar rubutu ta ma'adanar bayanai, wannan ɗan leƙen umarni ne cikakke a wurinsu.

A maikurokontirola abin ya fi muni. Wanda ya rubuta ƙafafun adireshi ɗaya bayan ɗaya a layuka uku na shiri ya bi ta waɗancan adireshin na ƙarya, kuma wannan karon kowanne yana ɗaukar maikurosakan, ba nanosakan ba. Irin wannan matsalar ce ke bayyana jefi-jefi, ta ɓace da zarar an zo dubawa, domin ba kowane sauyi ke kawo ta ba. Daga 2 zuwa 3 bit ɗaya ne ke canjawa, ba komai. Daga 3 zuwa 4 ko daga 7 zuwa 0 duka ukun ne.

Maganin da ya fi kowanne tabbas shi ne tsari mai hawa huɗu: janye izini, canja adireshi, jira, mayar da izini. A 138 na dangin HC mai cin bolt 5, jinkirin ratsawa daga adireshi zuwa mafita 'yan gomman nanosakan ne ko ƙasa da haka, don haka jiran maikurosakan ɗaya ya wadatar har da rara. Wannan ne amfanin samun ƙafafun izini fiye da ɗaya: ɗaya ta ɗauki saƙo, ɗaya ta zama mai rufewa lokacin sauyi. Idan ƙafafun adireshin suna tashar maikurokontirola ɗaya, rubuta su da umarni guda yana rage tazarar sosai, haka ma maƙirgi 74HC161 da ke canja ƙafafunsa a bugu ɗaya. Amma ragewa ce kawai, tun da hanyoyin cikin aisin ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai kuma jerin Gray, inda bit ɗaya tak ke canjawa kowane taki: 0, 1, 3, 2, 6, 7, 5, 4. Yana da kyau idan zagaye kawai ake yi kuma jerin bai dame ka ba. In adireshi daga layukan da wasu na'urori ke amfani da su yake zuwa, 74HC137 yana da mariƙin adireshi a ciki, wanda ke kama lambar ya riƙe ta ko da layukan sun ci gaba da canjawa.

Ba ya tuna komai

Da zarar adireshi ya matsa, mafitar da aka bari ta koma zamanta na asali. Wanda ke son ya kunna na uku, ya wuce ya kunna na biyar, na ukun kuma ya ci gaba da zama a kunne, ba 138 yake nema ba. 74HC259 ne nasa: dimoks ne mai mariƙi a kowace mafita. Ana barin ƙafar LE, mai ba mariƙin izinin karɓa, a 1, a saita adireshi da D, a saukar da LE zuwa 0 na ɗan lokaci, a mayar. Wadda aka zaɓa ta karɓi D, sauran bakwai suna nan yadda aka bar su. Kada adireshi ya motsa yayin da LE ke 0, in ba haka ba bugun ƙaryar nan zai rubuta kansa a wata mafita ya zauna.

Inda ido ne mai karɓa, ana iya yin dabara ba tare da mariƙi ba. Allunan LED masu layuka takwas suna kunna layi ɗaya ne kowane lokaci, a zagaya da sauri, kamar sau ɗari a daƙiƙa ko fiye, ido ya ga kamar duk a kunne suke. Kowane layi yana samun kashi ɗaya cikin takwas na lokaci, shi ya sa hasken ke raguwa. Inuwar da ake gani a layin da ke maƙwabtaka kuma yawanci daga rashin rufe fita kafin canja layi take zuwa.

Faɗaɗawa

Mai fita goma sha shida yana fitowa daga 138 biyu ba tare da ƙarin ƙofa ba. Haɗa A0, A1, A2 na biyun tare. Layi na huɗu, A3, ya tafi ƙafa ta 4 ta aisin farko da ƙafa ta 6 ta na biyu. Ƙafa ta 6 ta na farko a bolt 5, ƙafa ta 4 ta na biyu a GND. Saƙo ya shiga ƙafa ta 5 ta dukansu. A3 yana 0, na farko ne ke aiki, fita 0 zuwa 7. Yana 1, na biyu ya karɓa, 8 zuwa 15. Dalilin da ya sa aka yi ƙafafun izini masu kishiyantar juna ke nan. Akwai 74HC154 mai ƙafa 24 da ke yin wannan shi kaɗai, akwai kuma 74HC139 mai ɗauke da dimoks biyu masu fita huɗu-huɗu. Rabin 139 ɗaya zai iya zaɓar ɗaya daga cikin 138 huɗu, a sami fita 32. Sai dai kowane hawa da aka ƙara yana ƙara nasa jinkirin, kuma lokacin jira sai ya ƙaru daidai da haka.

A tsoffin kwamfutoci masu furosesa Z80, wanda Zilog ya fitar a 1976, haka ake raba ma'adanar bayanai. Layukan adireshinsa 16 ne, suna kaiwa kilobait 64. A kai A13, A14 da A15 ga 138, a sa MREQ, layin da Z80 ke saukarwa 0 idan yana neman ma'adana, a ƙafar izini mai aiki da 0, sai a sami yanki takwas masu kilobait 8 kowanne: Y0 daga 0000 zuwa 1FFF, Y1 daga 2000 zuwa 3FFF, a haka har FFFF. Ƙafar zaɓi ta aisin ma'adana da 0 take aiki, don haka mafitar 138 tana shiga kai tsaye. A nan za ka ga hikimar fita mai aiki da 0.

Haka yake a SPI a yau, wato hanyar da maikurokontirola ke musayar bayanai da na'urori. Layukan agogo da na bayanai ana raba su ga kowa, ƙafar CS, wato ta zaɓi, ce kawai kowace na'ura ke da tata, kuma ita ma da 0 take aiki. Ƙafafu uku na adireshi da ɗaya ta izini sun zaɓi na'ura takwas. Kada ka yi rowar ta izinin. Na'urori da dama ba sa zartar da umarni sai CS ya koma 1, kuma idan babu ita babu yadda za ka saki kowa, sai dai ka sadaukar da mafita ɗaya ta zama wurin fakewa.

Idan saƙon ba 0 da 1 ba ne

Sauti, ko bolt ɗin na'urar auna zafi, ko layi mai tafiya gaba da baya irin SDA, layin bayanai na tsarin sadarwar I2C, ba za su bi ta 138 ba. Nan ne wurin 74HC4051 ko CD4051, kuma su ne kwatancen layin dogo ya dace da su da gaske, domin makunnai ne na taransisto da ke haɗa ƙafa da ƙafa, wuta ta bi ta kowane gefe. Ƙafar gama-gari ita ce ta 3, layukan zaɓi 11, 10 da 9, ta 6 kuma idan ta hau 1 tana yanke duka. Hanyoyin ba a jere suke ba: ta sifili a 13, sai 14, 15, 12, 1, 5, 2, ta bakwai a 4.

Abubuwa uku ake kiyayewa. Hanyar da ba a zaɓa ba a sake take, ba 0 ba ce ba 1 ba ce, don haka idan tana shiga mashigar CMOS sai an sa mata resista mai jan ta sama ko ƙasa. Makunnin yana da nasa juriyar, gomman om a nau'in HC, ɗaruruwa a nau'in CD idan bolt 5 yake ci, don haka kaya mai jan wuta zai sa bolt ya faɗi a hanya. Sannan ƙafa ta 7, VEE, dole a haɗa ta: a GND idan saƙon ba ya sauka ƙasa da sifili, a wuta mai ƙasa da sifili idan yana sauka. Barin ta a sake na daga cikin kurakuran da aka fi yi da wannan aisin.

Idan maltifilesa ne, wato kishiyar dimoks, a wancan ƙarshen waya yana tattara hanyoyi da yawa, dimoks a wannan ƙarshen yana warewa, dole maƙirgan adireshi na ɓangarorin biyu su taka tare. Tsarin wayar tarho na E1 misali ne: gurbi 32, kowanne bit 8, sau 8,000 a daƙiƙa, jimla kilobit 2,048 a daƙiƙa, kuma an keɓe gurbin sifili don alamar farkon zango. Ba tare da irin wannan alama ba, bugu ɗaya ya ɓace, kowane saƙo ya riƙa sauka a mafitar maƙwabciya har sai an sake daidaitawa. A ƙaramar da'ira, waya ɗaya mai mayar da maƙirgan biyu sifili tare tana yin wannan aikin.

Idan ya ƙi aiki

Fara da mita, baƙar waya a GND. Auna ƙafa ta 16 a jikin aisin kansa, ba a layin allo ba, domin wasu allunan gwaji layin wutarsu a yanke yake a tsakiya. Idan duka takwas suna 1 ko me ka danna, auna 4, 5 da 6, kusan kullum ɗayansu ce. Idan fita huɗu kawai ke aiki, layin adireshi ɗaya ya maƙale, kuma waɗanda suka ɓace za su gaya maka wanne: rashin masu lambar mara, wato 1, 3, 5, 7, A0 ce a 0, rashin 4 zuwa 7, A2 ce, rashin 2, 3, 6, 7, A1 ce. Idan fitilu suna canjawa da ka kawo hannu kusa, akwai mashigar da ke sake. 

Sai batun matakin wuta. Dangin HC yana aiki daga bolt 2 zuwa 6, amma idan yana cin bolt 5, ba a ba da tabbacin zai ɗauki abu a matsayin 1 ba sai ya kai kusan bolt 3.5. Maikurokontirola mai bolt 3.3 bai kai nan ba. Sau da yawa yana aiki a kan tebur, shi ya sa ake raina shi, sai zafi ko wani aisin dabam ya tona asiri. Ko dai ka ba HC ɗin bolt 3.3 shi ma, ko ka sa 74HCT138, wanda ke cin bolt 4.5 zuwa 5.5 kuma bolt 2 ya ishe shi 1.

Ƙarfin fitarsa ma kaɗan ne. Kusan miliamfa 4 ne aka ba da tabbacin zai ɗauka yana riƙe da matakinsa, miliamfa 25 kuma iyakar da ba a ƙetarewa ce, ba wurin aiki ba. Rile ko mota sai da taransisto. ULN2803, aisi mai taransistoci a ciki, yana da hanyoyi takwas, amma da 1 yake kunnawa, don haka abokinsa 238 ne. Haɗa shi da 138 zai kunna rile bakwai ya kashe wanda ka zaɓa. Ƙafarsa ta 10 kuma a kai ta ga wutar rilen, domin dayod ɗin da ke ciki su shanye bolt ɗin da naɗin wayar ke turowa lokacin kashewa.

Makunni na hannu yana karkarwa na 'yan milisakan kafin ya tsaya, don haka idan ka maye gurbin 555 da shi, maƙirgi zai riƙa tsallake lambobi, ka zargi dimoks a banza. Resista 10k da kafasita mai maikurofarad 1, a bi da su ta ƙofa ɗaya ta 74HC14, suna gyara wannan. Akwai kuma lokacin kunna wuta: kafin maikurokontirola ya fara shirinsa, ƙafafunsa a sake suke, 138 zai iya zaɓar duk abin da ya ga dama. Resista 10k daga ƙafa ta 6 zuwa GND, ko daga ta 4 zuwa wuta idan ita ce mai rufewar, tana riƙe duka takwas a 1 har sai shirin ya saita adireshi ya ba da izini.